Hannun Inno Mai Alkaki

Duk wanda ya yi aure a Dugabau cikin shekara talatin ɗin nan, to ya ci alkakin yayata Inno, ko ya sani ko bai sani ba. Tun tana amarya ta koya a wurin uwar mijinta. Ita ba ta sa yis. Da nono take kwaɓa alkamarta, ta rufe ta kwana biyu, sannan ta zauna murzawa tun hantsi har la'asar. Har daga Madadi ake aiko mata da kwanuka a yi musu alkaki. Da wannan murzar ta rufa wa kanta asiri bayan rasuwar mijinta Malam Datti, ta aurar da 'ya'ya huɗu.

Sai da aka zo kan autarta Zinnira sannan hannun ya ce shi fa ya gaji. Sanyin ƙashi ya kama yatsun, ko igiyar guga ba ta iya riƙewa.

Ni Sa'ada aka ɗora wa hidimar bikin, wai don na fi kowa baki. Wallahi na ji jiki. Abin da ke hannunmu bai wuce kuɗin awaki uku da gudummawar dangi ba, ga Zinnira kullum waya a hannu tana nuna min kwalliyar amaren birni. Na ce ta sauko ƙasa. Mai rumfa na Kabo ya tsuga min kuɗi, na koma wurin Ya'u, wanda rabin kujerunsa a ɗaure suke da roba. Mai kwalliya ta Gwarzo sau uku tana sauya magana, na watsar da ita na ɗauko wata maƙwabciyarmu mai lalle. Mai hoto kuwa na ce wuni ɗaya zai yi mana, in bai yarda ba ga hanya nan. Sawu bakwai na yi tsakanin Kabo da Gwarzo a kan acaɓa, har yau ƙuguna bai dawo daidai ba.

Saura garar da za mu kai gidan ango. Inno ta kafe ita za ta yi alkakin. Ta yi wa 'ya'yan mutane, ba za ta kasa yi wa tata ba. Na saya mata alkama, ta kwaɓa. Ranar murza na same ta a gaban kwano, tun safe guda biyar ta yi, su ma a karkace, tana ta share ido da gefen mayafi. Haushi da tausayi suka haɗe min. Na sake hawa acaɓa. A Gwarzo na samu wata Raliya, mai yi da yis rana ɗaya, ga araha.

Da kayan suka iso Inno ta gutsiri ɗaya, ta tauna, ta ajiye sauran.

"Za su gane ba nawa ba ne, Sa'ada. Kunya kawai kika jawo min."

Muka kai gara. Gwaggon ango, tsohuwar da ta shekara ashirin tana sayen alkakin Inno, ita ta buɗe robar. Ta ci ɗaya, ta ƙara, ta juyo tana gaya wa mata cewa ai hannun Inno ba ya ɓuya, ko ido rufe za ta gane shi. Duk suka ce haka ne.

Na dawo da murnata na tarar da Inno a bakin ƙofar ɗaki tana jirana. Na kwashe duka na faɗa mata, har da kwaikwayon muryar tsohuwar, na ce to asiri ya rufu.

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon yatsunta a kan cinya.

"Ko mutum ɗaya bai gane ba?"

Na ce ko ɗaya.

Washegari ta aika aka mayar wa masu jiran ta yi musu alkaki kwanukansu, babu komai a ciki.