Rigar da Ta Fi Matakala Faɗi

A Jarwal, wata unguwa a Makka, na girma, shekarun yaƙin duniya, lokacin da alhazai suka yi ƙaranci gari ya yi shiru. In sanyi ya shigo, bayan isha sai kakarmu ta hura gawayi a kan soro ta ɗora shayi. Sitti muke ce mata kamar 'ya'yan Larabawa, ita kuwa ta amsa da Hausarta ta Katsina. A gidan wata Baturkiya da take wa ɗinki ta samo labarin da na fi so.

"Ga ta nan tafe, ku matso," in ji ta.

Wai a wata ƙasa can gaba da Istanbul, matan fada ba sa zuwa gaban sarki sai cikin riga mai keji: lanƙwasassun sanduna ɗaure a ƙugu, an lulluɓe su da alharini, faɗin ya kai tabarma. Ba zama, ba sunkuyawa, ƙofa ma a kaikaice ake bi.

Na ce, "To yaya suke sujada, ya Sitti?"

"Wannan sai ki tambayi sarkin."

Ana tsakiyar wani biki aka raɗa wa wata budurwa a cikinsu cewa mahaifiyarta na gargara a ɗakin sama. Matakalar matsattsiya ce, rigar ta ƙi shiga, masu kwance mata igiyoyi kuma ba sa kusa. Sai ta ɗauki wuƙa a teburin sarki, ta datse igiyoyin a idon jama'a, ta tsallake kejin ta haye da rigar ciki. Ta tarar da sauran numfashi, ta riƙe hannun uwar har ta cika. Washegari sarki ya kore ta.

Na jira a ce ya yi nadama ya aika a dawo da ita.

"Bai aika ba," in ji Sitti. "A ƙauye ta tsufa."

Na daɗe ina jin haushin wannan ƙarshe. Sai bayan na yi aure a Jidda, ana walimar ƙanwar mijina, aka ce Sitti na kwance rai a hannun Allah. Surukata ta ce in bari baƙi su watse, kada a yi da mu. Na ja mayafina na shiga motar Makka da kwalliyata, na kuwa iske ta tana gane mutane.

A hanya na fahimci dalilin da ya sa ba ta ƙawata mana ƙarshen ba: so take mu san ana yin daidai kuma a sha hukunci. Dangin mijina ba su taɓa yafe min sarai ba, ni ma ban taɓa roƙonsu ba.