Gyaɗar da Na Ƙi Tugewa

Ƙanina ne ya sa mutanen garinmu suka daina cin tuwo da ni, kuma har yau bai buɗe baki ya ce shi ne ba.

Ni a aji uku na sakandare na tsaya, shekarar da Baba ya rasu, na riƙe gona. Shi ya wuce, har ya kai digiri na biyu a ilimin kwamfuta a Kano. Wata damina, lokacin da buhun taki ya gagari kowa, ya sauko daga motar Ɗanbatta da jaka a baya. Wai yana koya wa na'ura gane cutar shuka. Sai an yi ta nuna mata hotuna, ana cewa wannan lafiyayye ne, wannan ya kamu, har ta iya da kanta.

Na ce, "To ga gona nan, ɗauki mana."

Ya ce, "Yaya, kuturtar nan da ta fara a gyaɗarka nake so. Ka bar min ita, in riƙa ɗaukar ta mako-mako."

Kowa a nan ya san ƙa'ida. Ka ga gyaɗa ta tsumbure, ganyenta ya yi ɗorawa, a ranar za ka tuge ta ka binne. Gonakinmu kuwa a manne suke, layin gamba kawai ke raba ni da maƙwabta. Na gaya masa haka. Ya ce wata ɗaya ne, kuma in magana ta tashi shi zai tsaya gaban mutane ya yi bayani. Na yarda. Ba zan ɓoye ba, daɗi ma na ji. Ina yi masa bayanin cutar yana rubutawa. Tun da nake, ba wanda ya taɓa riƙe biro yana rubuta abin da na faɗa.

Kafin watan ya cika, cutar ta tsallake gamba. Ta ci gonar dattijon da ke gabas da ni, ta ci wasu biyu. Shi kuwa ya gama ɗaukar hotunansa ya koma. Na kira shi, ya ce, "Yaya, malamina ya matsa min, bari in gama rubutu."

Na je da kaina na faɗa wa dattijon gaskiya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mai ilimi kamarsa zai ce a bar cuta a gona? Lalacinka ne, kada ka shafa wa ɗan'uwanka."

Daga nan aka daina kirana gayya. In na fito da kwanona ƙofar gida, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Na koma ci a zaure. Damina huɗu ni kaɗai nake huɗa, ni kaɗai nake cira. Ranar kasuwa in tafi a ƙafa, masu babur su wuce ni alhali ba kowa a bayansu.

Bana ya zo, ya ƙaro wani digirin, ana ce masa Dakta. Bayan la'asar aka kewaye shi a gindin darbejiya. Dattijon nan da kansa ya tsinko ganye, aka haska masa waya, ta faɗi sunan cutar. Aka ɗauki kabbara.

Dattijon ya ce, "Ikon Allah! Dakta, a ina ta koyi wannan?"

Ya ce, "A jami'a, Baba."

Ina tsaye daga bayan mutane. Na ratsa su har gabansa. Ya miƙo min hannu yana murmushi, ban karɓa ba.

Na ce, "A gonata ta koya, da gonar wannan tsohon da kake ce wa Baba. Kai ka ce in bar cutar, ni kuma na yi wautar jin maganarka. Ba na son godiyarka, ba na son sunana a littafinka. Ga su nan duk a zaune. Ka gaya musu yanzu da Hausa, ko kuma kada ka sake ce min Yaya."