Haliru Kazaure da Matakalar Gidansa

Haihuwa da Karatu

An haifi Alhaji Haliru Sirajo a garin Kazaure cikin shekarar 1935. Mahaifinsa, Malam Sirajo, ɗan kasuwar fata ne, mahaifiyarsa kuwa Hureira. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya gama elamantare, sai ya wuce Midil ta Kano, daga nan Kwalejin Zariya, inda malamai suka lura hannunsa ya fi bakinsa magana. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta tura shi Ingila koyon zanen gine-gine, ya dawo a 1962 da takardar shaida da kuma tabbacin cewa duk abin da kakanni suka gina kuskure ne.

Aiki da Iyali

Ya kama aiki a Kaduna daidai lokacin da sabon salon gini ke tashe a duniya, salon da ya haramta ado: rufi shimfiɗaɗɗe, tagogin gilashi masu faɗi, bango fari tas. Haliru na cikin 'yan Arewa na farko da suka shigo da shi, kuma a gaskiya bai yi kwaikwayon makaho ba, domin ya ƙara bulo mai huda don iska ta ratsa. Ya kuma zana kujera mai siraran ƙafafu, ta katakon maɗaci da jar fatar Sakkwato, wadda ta cika ofisoshi har ake ce mata 'yar Haliru. Masu ƙiba dai ba su taɓa yarda da ita ba.

A 1964 ya auri Halimatu, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A 1966 ya gina gidan kansa, bene mara zaure, matakalarsa siririya mai murɗewa kamar katantanwa. Har daga Ikko ake zuwa ɗaukar hotonta.

Rasuwar Mahaifinsa

A daminar 1969 Malam Sirajo ya kwanta ciwo, Haliru ya ɗauko shi zuwa Kaduna, ya sa aka goya shi zuwa ɗakin sama, wanda ya fi kowane ɗaki haske. A can rai ya yi halinsa. Aka yi masa wanka da sutura, amma makara ta ƙi hawa matakalar, gawa kuma ta ƙi juyawa a cikinta. Bayan an gwada ta kowace fuska, sai aka naɗe dattijon a tabarma, aka zuro shi da igiya ta baranda kamar buhun gero, jama'ar jana'iza suna kallo. Ƙanin mamacin ya dubi Haliru a gaban kowa ya ce, "Duk karatun nan, ba a koya maka cewa mutum yana mutuwa ba?"

Kunyar wannan rana ba ta sake shi ba. Bai ƙara zana gidan kwana ba, bai ƙara kwana a sama ba, kuma shekara biyu bai iya taka Kazaure ba. Ya ci gaba da zanen makarantu da ofisoshi har ya yi ritaya a 1990. Duk wanda ya yabi matakalar a gabansa, sai ya sunkuyar da kai ya sauya magana. Burinsa ɗaya ya rage, ya fita duniya ta ƙofa, a kan kafaɗun mutane.

Zaman Malesiya

Halimatu ta rasu a 2016. A watan Fabrairun 2020 autarsa Raudatu, wadda mijinta Fatihu ke karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ta kawo shi aikin ido. Ba a jima ba annobar korona ta sa aka rufe ƙasa, tsohon da ya yi shekara hamsin yana gudun bene ya tsinci kansa a hawa na sha tara na wani bene a unguwar Sri Petaling. Idonsa na warkewa, abin da ya fara yi shi ne auna lif, na'urar hawa da sauka a benen, da sandarsa, ya kuwa tarar mutum ba zai kwanta a cikinsa ba. Raudatu ta ce, "Baba, lif ne fa, ba kabari ba. Ku zo mu makan, mu ci abinci, yana hucewa." Ya ce mata, "Kakanki ma cewa aka yi matakala ce kawai."

Daga ranar ya koma zane. Ya fitar da makara mara nauyi, mai madogarar ƙafa da ɗamara uku, wadda za a jingina a tsaye cikin lif mamaci bai zame ba. Da aka sassauta doka, Fatihu ya kai zanen wurin wani kafinta a unguwar Cheras, kafintan ya duba ya ce boleh, wato zai yiwu. Aka ajiye ta a ɗan masallacin ƙasan benen, Haliru ya roƙi surukinsa cewa in ta Allah ta kasance, a cikinta za a fitar da shi.

Rasuwarsa

A watan Yulin 2021 cutar korona ta kama shi, aka kai shi asibiti a kujerar guragu, ya rasu yana da shekara tamanin da shida. Dokar lokacin ba ta bari a mayar da gawa gida ba. Ma'aikata cikin fararen riguna suka yi masa taimama a kan jakar da aka rufe shi a ciki, suka yi masa salla, suka binne shi a maƙabartar Musulmi da ke bayan gari. Fatihu ya tsaya daga nesa yana nuna wa iyali ta waya. Babu kafaɗar ɗan'uwa ko ɗaya da ta ɗauke shi.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Ashafa, Murja, Tajuddeen da Raudatu, da jikoki goma sha bakwai. Makarar na nan a masallacin, kuma daga baya an sauko da gawar wata tsohuwa 'yar Malesiya a cikinta daga hawa na ashirin, aka fita da ita ta ƙofa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Malam Sirajo.