Rosmarin Inna a Cikin Kasko

Shekarar da muka kwaso Inna daga ƙauyenmu na ƙasar Rabah, bayan 'yan bindiga sun shiga garin da ke maƙwabtaka da mu, abu ɗaya ta ce in koma in ɗauko mata: shukar da ke bayan ɗakinta. Marigayi mahaifinmu ne ya zo da reshenta daga Jos, lokacin yana kai albasa can. Sunanta rosmari, amma a gidanmu mai-ƙamshi muke ce mata. Ganyenta sirara ne kamar tsinke, Inna takan jefa su a shayi ko a romo. Inuwar katanga ce ta tsare ta daga zafin bazara, har ta girma ta kai mini ƙugu.

Na tafi da hantsi, tare da direban da ya gindaya mini sharaɗin ba zai kashe mota ba. Garin tsit, ko kaza babu. Ina haƙa ina kasa kunne ko zan ji ƙarar babur. Ƙasar wurin jigawa ce, ba ta da tauri, amma sauri ya sa na finciko shukar, babbar saiwarta ta katse. Da na ɗago sai na ga wani reshe da ya kwanta ƙasa ya yi tasa saiwar a jikin katanga. Direba ya danna hon. Na bar reshen can.

Gidan da na kama wa Inna a Wurno tsakar gidansa siminti ne, mai gidan kuma ya ce kada a fasa masa ko faɗin tafin hannu. Dole shukar ta zauna a kasko. Na taɓa gani a waya yadda mutanen Japan suke tsare itace ƙarami a cikin kasko, suna ce masa bonsai. Ban taɓa gwadawa ba. Abin da na riƙe shi ne, in saiwa ta ragu dole a rage rassa daidai da ita, in ba haka ba ganye zai nemi ruwan da babu mai kai masa.

Na sa almakashi na yi ta yanka. Da rassan suka zube sai gangar jikinta ta bayyana, a murɗe, ɓawonta yana ɓarewa kamar tsohuwar igiya. Na zare wayar tagulla daga wata matacciyar fanka, na naɗe rassan da suka rage, na lanƙwasa su. Ƙasar kuwa Kawu ne ya kawo, ƙanen Inna, mai noman albasa da tafarnuwa a Goronyo. Baƙar ƙasar fadama ce, ya ce ko muciya na kafa a ciki sai ta tsiro. Na karɓa da godiya.

Inna tana zaune a tabarma tana kallona har na gama.

“Mi ta yi maka?” ta ce. “Ka aske ta, ka ɗaure ta awa ɓarawon akuya.”

“Don ta rayu ne, Inna.”

“Ɗiyar tata fa, ta jikin katanga?”

“Tana can.”

“To. In wagga ta mutu, ni da ƙafata ni ka zuwa in ɗauko waccan. Ba ni aiken kowa.”

Inna ba ta maimaita magana. A watan nan kuma an riga an kama waɗansu mutanenmu a hanyar, sun koma duba rumbunansu.

A Sakkwato nake aiki, sai ƙarshen mako nake zuwa Wurno. Kafin in tafi na roƙe ta kada a ba shukar ruwa sai ƙasar ta bushe. Duk zuwan da na yi sai in tarar ta fi na baya lalacewa. Ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa, sannan ya yi baƙi daga ƙasa, ko taɓawa na yi sai ya zube. Na zargi rana, na ja kaskon inuwa. Na zargi wayar, na sassauta ta. Kawu ya duba ya ce, “Ƙishi ta ka ji, yaro. Albasa in ta yi haka, ruwa a ka sako mata.” Na tambayi Inna, ta ce ko moɗa ɗaya ba ta zuba ba. Amma duk sanda na tura yatsa sai in ji ƙasar a jiƙe.

Wata Asabar, a ƙofar masallaci, wani maƙwabcinmu mai kabu-kabu ya ja ni gefe. Ya ce Inna ta yi masa maganar ya kai ta ƙauye ranar kasuwa. Na ce kada ya kuskura. Ya ce shi zai iya ƙi, amma babura nawa ne a tasha?

Na shiga gida ana kiran la'asar. Inna ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta ajiye dab da kaskon, ta ɗauki buta. Ta wanke hannuwa, ta kurkure baki, ta wanke fuska, ruwan yana gangarowa daga gwiwar hannunta yana zuba a gindin shukar. Da ta zo ƙafa sai ta ɗora diddigenta a bakin kaskon. Ko ɗigo bai taɓa siminti ba.

A garinmu ba a yin alwala a fili in akwai shuka kusa. Ruwan alwala ba na zubarwa ba ne, gindin wani abu mai rai ake kai shi. Haka na taso na gani, haka Kawu ma yake yi in ya zo. Inna ba ƙarya ta yi mini ba, ita ba ta ɗauki wannan a matsayin ban ruwa ba.

Na jira ta idar da salla, ta shafa addu'a. Na durƙusa a gefen tabarmar.

“Inna, ruwan alwalar ne.”

Ta dube ni. “Ruwan alwala shi ka kashe shuka? Ka ji abin da bakinka ka hwaɗi?”

“Ba haka nake nufi ba.”

“Tun ubanka na da rai gindinta ni ka alwala. Mi ya same ta?”

Na karkata kaskon na zaro shukar. Wari ya taso kamar na kwata. Ƙasar ta zama laka, ta cushe ɗan ramin da ke ƙasan kaskon. Na wanke saiwoyin a gabanta, baƙaƙe, ina ja suna silɓewa a yatsuna.

“A gida yashi ne, ruwa wucewa yake yi,” na ce. “Nan ba inda zai je.”

Ta karɓi saiwa ɗaya ta shinshina, ta daɗe tana juya ta.

“Wagga ƙasar kawunka ta?”

“Ita ce.”

“Shi komi albasa na.”

Na ɗebo yashi mai tsakuwa daga bakin gulbin Rima, na haɗa da gutsattsarin gawayi. Na sa ƙusa na ƙara huda kaskon a hankali, ina tsoron ya tsage. Na yanke duk saiwar da ta ruɓe. Farare kaɗan ne suka rage, duk a gefe ɗaya. Na mayar da ita, na ɗora kaskon a kan tsohon duro. Inna ta yarda ta ɗaga tafiyarta ƙauye zuwa ranar kasuwa ta gaba, ta ce daga nan ba ƙari.

Na ɗauki hutu na zauna a Wurno. Babu abin da zan yi wa shukar sai in ƙyale ta, shi ne kuma ya fi mini wuya. Rassan sama suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Na ƙasa ne kaɗai ya riƙe ganyensa, bai ƙaru ba, bai zube ba.

Ranar kasuwar da safe na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ba maƙwabcinmu ba ne, wani ta samo daga tasha. Inna ta fito da mayafi, da 'yar fartanya a cikin leda. Na tsaya a bakin zaure, ban san ko zan iya tare mahaifiyata da jikina ba.

Ta biya ta wurin duron. A ƙarshen reshen ƙasa akwai ɗan toho, koren bai kai na sauran duhu ba. Na gan shi tun jiya, amma ban yarda da idona ba, shi ya sa ban faɗa mata ba. Ta kai yatsa ta taɓa, ya lanƙwashe don taushi. Ta murza tsohon ganye ɗaya ta kai hanci. Mai babur yana ta murza wuta a waje.

“Hita ka sallame shi,” ta ce. “Ka ba shi haƙuri, na sa shi ya rasa fasinjan sahe.”

“An fasa ke nan, Inna?”

“Na ce maka an fasa? Ba yau ba.”

Na fita na sallami mai babur, na tsaya a ƙofa har ya sha kwana.