Gida da Zaure

Ni na gina wa Islamiyyar Baba shafin intanet a Birnin Kudu. Ni, ba kowa ba. Na jera maɓallai a sama tsaf: Gida, Darussa, Hutu, Sakamako. Gida shi ne mai mayar da mutum shafin farko in ya ɓata hanya. Burina ɗaya ne, Baba ya bar shafin a hannuna, ya san babbar 'yarsa ma ta iya wani abu. Mutum ne mai tsadar yabo.

Ba a jima ba ƙorafi ya fara. Iyayen yara suna bugo waya, wai sun shiga duba ranar komawa makaranta sun maƙale, sun rasa hanyar fita. In ce su danna Gida mana! Sai su ƙi dannawa.

Rannan ƙanwata ta zo wuni daga Gwaram, inda take aure. Tare muka koyi kwamfuta, kuma wallahi ni nake nuna mata. Muna tsakar gida muka jiyo wani Alhaji, ɗan kasuwa daga Sundimina, yana ce wa Baba a waje: "Haba Malam, ina ni ina danna gidanka? Iyali fa na ciki!"

Ashe abin ke nan. Mazan nan duk sun ɗauka hotunan cikin gidan Malam ne, kunya ta hana su taɓawa.

Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta jawo kwamfutata ko izini babu, ta goge Gida ta rubuta Zaure. Kalma ɗaya tal! Ni da na yi ta fama da launi da tsari har idona ya yi ja.

Waya ta daina ƙara. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Da an ba ni minti kaɗan ai da ni ma na gano.

Da ta sake zuwa, Baba ya kira mu. Ya dube ta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin san mutane." Sannan ya juyo gare ni.

"Ki ba ta lambar sirrin, ita za ta riƙa kula da shafin. Ke ki huta."

Na karanto mata, tana dannawa. Ta ɗago ta ce, "Yaya, ba dai kin ji haushi ba?"

Na ce, "Haushin me?" Na tashi na shige ɗaki kafin hawayen su zubo.