Hoton Iya a Cikin Leda

Wata Laraba ce cikin zafin bazara, shekarar da nake aji biyar a lekol, na dawo gida da azahar takalmin roba yana ƙona mini tafin ƙafa, na tarar da kaskon ƙuli-ƙuli yana hayaƙi babu kowa a kansa. A gidanmu na unguwar Amriguébé wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Iya, kakarmu ta wajen uba, ba ta barin mai a wuta ko don amsa sallama. Sai ga ta zaune a gindin darbejiya ta ƙura wa wani baƙo ido, wani direban babbar mota mai suna Mamman, shayin da aka ba shi har ya huce. Saƙo ya kawo mata daga ƙanenta Ilyasu.

Iya tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso daga ƙasar Damagaram a ƙafa za su Makka. Uwarsu ta kwanta ciwo a garin nan, aka yada zango, zangon ya zama gida. Ƙanen kuwa wani baffansu ya wuce da shi gabas, tun daga ranar ba su sake sa juna a ido ba. Yanzu ga shi ya tsufa a wani ƙauye can bayan Abeche, ciwo ya kwantar da shi, abin da ya roƙa kuma ɗaya ne: a aiko masa da hoton yayarsa ya ga fuskarta kafin ya mutu. Mamman zai juya ran Litinin da hantsi. Iya ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, cewa take fuskar mutum ba kayan rataya a bango ba ce. Amma ranar ta ce, "Sau ɗaya zan zauna, kalas, shi ke nan."

Mahaifina tela ne, mutum mai sanyin hali. Ya ce a kira Malam Idi mai hoto na bakin titi, wanda ya ɗauki rabin mutanen unguwa gaban labulensa mai zanen jirgin sama. Da an bi maganarsa da ba ni da labarin bayarwa. Amma akwai Baffa Sale, autan Iya, wanda ya je Kusiri tsallaken kogi sau uku ya dawo yana magana kamar wanda ya zagaye duniya. Ba shi da sana'ar da za a nuna, sai gilashin ido baƙi, da takalmi mai tsini, da tarin makullai a ƙugu waɗanda ban taɓa ganin ƙofar da suke buɗewa ba. Ya taɓe baki ya ce Malam Idi kayan tarihi ne, yanzu zamanin aparey nimerik ne, kyamarar da ba ta cin fim, kana ɗauka kana gani. Uwarsa guda, in ji shi, ba za a kai ta gaban labulen ƙauyawa ba. Baba ya ɗauko abin da ya tara don sabon keken ɗinki ya miƙa masa.

Washegari aka haɗa shi da ni zuwa kasuwa. Ya gaya wa mutane wai zan riƙe masa jaka, alhali dalilin shi ne ni nake karanta Faransanci, shi kuwa iyakarsa "bonjur" da "dakor". Shagon farko na wani dattijo Balarabe ne, ya fito mana da wata sabuwar kyamara baƙa 'yar ƙarama, da littafinta da komai, ya soma yi mana bayani a natse. Baffa bai ko saurara ba. Ya auna ta a tafin hannu kamar mai sayen kifi, ya ce ba ta da nauyi, wa zai gan shi da wannan kwalin ashana ya san ya riƙe wani abu? Muka fita muka bi rana har wajen masu kayan hannu, inda wani saurayi ya baza kyamarori a kan tebur tsakanin tsofaffin wayoyi da agogai. Nan Baffa ya ga ta ransa: fara sol mai ƙyalli, mai igiyar rataya a wuya, in an kunna ta sai ta yi 'yar ƙara mai daɗi. Na karanta kwalin na raɗa masa cewa kwalin rediyo ne, ba nata ba. Ya ce in rufe masa baki. Saurayin, da ya gane irin wanda yake gabansa, sai kawai ya ɗauke shi hoto ya juya masa ɗan gilashin baya. Baffa ya ga fuskarsa, ciniki ya ƙare. Abin haushin shi ne kyamarar lafiyarta ƙalau, hoton nan ya fito tsaf har gumin goshinsa ana gani.

A gidanmu, kamar gidajen 'yan kasuwa da yawa, ba a raba sabon abu da ledarsa. Kujerar ɗakin Baba tana cikin leda tun kafin a haife ni, rediyo ma haka, sirdin keke ma haka, wai kada abu ya tsufa darajarsa ta faɗi ranar sayarwa. To kyamarar Baffa ta hannu ce, ba ta zo da leda ba, wannan kuwa ya tsaya masa a rai. Muna isa gida ya sami farar leda irin ta ƙulla sukari, ya naɗe ta ruf har idonta, ya ɗaure da zaren ɗinkin Baba. Daga nan ya shiga ɗaukar kansa, da babur ɗin maƙwabci, da abokan shayinsa ɗaya bayan ɗaya. Gidanmu kuwa gidan man gyaɗa ne, duk wanda ya taɓa sai ya bar shaida. Kafin Juma'a ledar ta yi dishi-dishi.

Bayan an sauko masallaci Iya ta shirya. Ta kwana da lalle, ta sa kwalli, ta buɗe akwatin ƙarfe ta ɗauko zanen saƙi mai shuɗi na uwarta, wanda ya yi tafiyar ƙafar nan tare da su. Ta ja mayafi baya kaɗan don tsagar gidansu da ke kuncinta ta fito, ta ce da ita Ilyasu zai gane ta. Ba ta yarda ta zauna a tsakar gida gaban maza ba, don haka a ɗakinta aka yi, inda haske bai cika shiga ba. Baffa ya durƙusa, ya miƙe, ya karkace kamar mai wani babban aiki, walƙiya ta haska sau ɗaya. Na leƙa gilashin na ga fari kawai. Na ce, "Baffa, ai ba a ganin komai." Ya ce, "Ledar ce ta rufe miki, sakarya. Hoton yana ciki seme." Seme ɗin nan, wato lafiya lau, shi mazan gidan suka karɓa suna gyaɗa kai, ba wanda ya nemi a kwance a duba. Iya ta ninke zanenta ta mayar akwati.

Asabar babu kuran, wato wutar lantarki, a wajen wankin hoto, Lahadi a rufe. Sai Litinin da hantsi, Mamman yana tsaye a ƙofa motarsa tana jira, Baffa ya shigo da ambulan yana tafiyar da ba irin tasa ba. Walƙiyar ta bugi ledar ta dawo. Farin hazo ne a takardar, da wani duhu-duhu a tsakiya mai kama da tulu. Baba ya duba ya sunkuyar da kai. Iya idonta ya riga ya yi rauni, ta shafa takardar da yatsa, sai ta kira ni, domin ni ce mai zura mata zare a allura. "Balaraba, na fito?" Baffa ya zuba mini ido, Baba yana kallon ƙasa. Na ce, "Kin fito, Iya." Ta yi murmushi ta miƙa wa Mamman da hannu biyu.

Bayan damina Mamman ya dawo ya gaya wa Baba a zaure, ina shara ina ji. Ilyasu ya sa an fitar da shi rana, ya juya takardar ta kowane gefe, ya kira jikokinsa su gaya masa da wa ta yi kama, babu wanda ya iya. Bai kai ƙarshen damina ba. Iya an gaya mata rasuwar kawai, ta yi kuka ta ce alhamdu lillahi tunda ya gan ta. Ba ta sake zama gaban kyamara ba har ta bar duniya, don a saninta an gama.

Yau wayata cike take da hotuna, har na kwanon abinci da na ƙafar jaririna, ina gogewa ba na ko dubawa. Baffa Sale ya yi furfura a unguwar Goudji, har yanzu in zancen ya taso cewa yake mai wankin ne bai iya aiki ba. Na daɗe ina raina shi, ina kuma raina mazan da suka gyaɗa masa kai, ban fasa ba. Amma ni ce na leƙa na gani tun Iya ba ta cire zanen ba. Farce ɗaya ya isa ya yage ledar nan, kuma ina da shi.