Ranar da Ingilishina ya kusa kashe yayana

Shekarun baya, tun salula ba ta shiga aljihun kowa ba, ina ɗinki a wani ɗan shago a Tamanrasset. Daga Maraɗi muka zo, ni da yayana. Shi fatauci yake yi, yana hawa arewa ya saro kaya ya dawo. Mahaifiyata kuma a lokacin tana wurinmu, ta zo jinyar hawan jini, tana zaune a ɗakin da ke bayan shagon. Labule ne kawai tsakaninmu.

A lekkol, wato makarantar boko, na ɗan taɓa Ingilishi kafin in bari, sauran kuma a bakin 'yan Najeriya masu kawo mini ɗinki na tsinta. Wannan ɗan abin ya sa nake ji da kaina. Duk wanda ya yi baƙon da ba ya jin Hausa ko Faransanci a layinmu, wurina ake turo shi, ni kuwa in gyara zama in yi ta zuba.

Wata ranar da hantsi, muna sa ran dawowar yayana daga In Salah, sai ga wani dogon mutum a ƙofar shago, ƙura har gashin ido. Mutumin Gana ne daga can bakin teku, ba Hausa, ba Larabci. A kafaɗarsa jakar yayana ce, na san ta ko a cikin dubu. Gefenta duk jini ya bushe.

Da hannu ya nuna mini mota tana tafiya, sannan ya kife tafinsa. Ya ce In Ekker. Wannan na gane, motarsu ta faɗi a kusa da can. Na tambaye shi yayana fa. Ya dafa kafaɗata ya ce, “He was hardly hurt.” Ya ci gaba, “He stopped to talk,” da wasu kalmomi a baya waɗanda ban ji ba, don kunnena ya riga ya toshe.

Ni dai a lekkol an koya mana cewa in ka liƙa ly a wutsiyar kalma, ƙarfinta yana nan, yanayin aiki kawai take nunawa. Slow ta zama slowly, quick ta zama quickly. To hard ai tsanani ne, ke nan hardly hurt mummunan rauni. Na biyun kuwa da Faransanci na auna shi, inda in aka ce mutum ya arrêté de parler, to ya daina magana. Na haɗa biyun da jinin da ke jikin jaka, na ga yayana kwance a bakin kwalta, baki ya rufe.

Mutumin ya ajiye jakar, ya yi mini murmushi, ya tafi. Har haushin murmushin na ji.

Daga bayan labule mahaifiyata ta ce, “Auta, wa ya zo?”

Na ce, “Mai ɗinki ne, Inna.”

Na tura jakar ƙarƙashin tebur na rufe ta da yadi. Likita ya riga ya gargaɗe mu kada a tayar mata da hankali, kuma yayana shi ne ɗanta na fari. Na ce mata zare ya ƙare, zan je kasuwa. Takalmi ma wari da wari na sa, sai a hanya na lura.

Niyyata in shiga taksifon, wato shagon buga waya, in kira maƙwabcin yayana a Maraɗi ya sanar da matar Yaya, sannan in nemi motar In Ekker. Hanyar ta bi ta gaban rumfar wani abokina ɗan Zariya mai sayar da takalma. Ya taɓa koyarwa a firamare kafin neman abinci ya kawo shi hamada. Yana ganina ya miƙe.

“Mutumina, lafiya? Fuskarka ba daidai ba.”

Na faɗa masa. Ya yi salati, ya zaunar da ni a kan benci. Sai ya ce, “Da wane harshe aka ba ka labarin?”

Na ce da Ingilishi.

“Maimaita mini yadda ya faɗa. Kada ka fassara, bakinsa nake so.”

Na maimaita na farkon. Ya ɗan ɗaga kai ya dube ni.

“Hardly ya ce, ko badly?”

“Hardly na ji.”

“Na biyun fa? Stopped to talk, ko stopped talking?”

Raina ya ɓaci. Na ce ɗan'uwana yana can tsakanin rai da mutuwa, shi kuma ya buɗe mini aji. Ai duk ɗaya ne.

Ya ce, “Ba ɗaya ba ne. Ɗaya yana nufin yana tsaye da ƙafafunsa, ɗaya kuma sai addu'a. Wanne ka ji?”

Da ya jera su biyun, sai duk suka yi mini kama. Na ce to talk, na koma na ce talking, na sake komawa. Ya ce ba zai sa mini rai a kan abin da ban tabbatar ba, amma kuma ba zan taɓa waya ba sai mun ga mutumin nan. Ya bar wa maƙwabcinsa rumfa, muka nufi tashar da ake hawa motocin In Guezzam, don na ga alamar kudu mutumin ya dosa.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Rana ta take, ina tafe ina tsara yadda zan gaya wa Inna, kowace jimla na ɗauko sai in ga ba za ta faɗu ba. A tasha muka bi mota mota muna leƙawa. Wata ta riga ta tashi, wani ɗan kamasho ya ce akwai 'yan Gana a cikinta. Muna juyawa sai na hango dogon mutumin nan a rumfar mai shayi, yana tsoma burodi a kofi hankali kwance.

Abokina ya gaishe shi, suka shiga magana. Ni ina tsaye ina kallon bakinsu. Can sai na ga kafaɗun abokina sun sauka, ya shafa fuska ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya juyo gare ni.

“Yayanka lafiyarsa lau. Ƙujewa ce kawai a gwiwar hannu. Direba ne ya karye, kansa kuma ya fashe, jakar aka tada masa kai da ita, jininsa ne ka gani. Da jandarma suka zo, babu mai Larabci a fasinjojin sai yayanka, shi ya sa ya tsaya yi musu bayani. Wata mota ta kwaso sauran. Yayanka ya ba wannan bawan Allah jakar ne don maganin Inna yana ciki, kada ta yi jira.”

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Mai shayi, wani Buzu mai jin Hausa, ya miƙo mini ruwa. Da aka fassara wa mutumin Gana abin da na fahimta, ya riƙe kai da hannu biyu yana ta ba ni haƙuri, alhali shi albishir ya kawo mini tun farko.

A hanyar komawa abokina ya warware mini. Ya ce stop to talk shi ne ka dakata da abin da kake yi domin ka yi magana, stop talking kuwa ka yi shiru. Hardly kuma ba 'yar gidan hard ba ce ko kaɗan, ma'anarta da ƙyar, kusan babu. Ya ce, “Kai da kake kan keken ɗinki tun safe, you work hard. Ni da nake gyangyaɗi a rumfa ina jiran mai saye, I hardly work.” Sai a lokacin dariya ta zo mini, har da hawaye.

Da na isa gida na ɗauko jakar, na ciro maganin, na shiga wurin mahaifiyata. Na fara da cewa Yaya lafiya yake, sannan na ba ta sauran labarin. Ta saurara har na gama, carbi a hannunta.

Ta ce, “Na san ba mai ɗinki ba ne. Mai ɗinki ba ya sa keke ya yi shiru haka. Na ga ba ka so in sani, shi ya sa na bar ka, na kama addu'a.”

Washegari da la'asar yayana ya sauka, hannu ɗaure da tsumma, yana mitar jandarma sun riƙe shi ba ko shayi. Na rungume shi na ƙi saki. Ya ce, “Kai lafiya? Sai ka ce wanda ya dawo daga lahira.” Na ce, “Yaya, kusan haka ne.”

Har yau nakan tuna cewa saura ƙiris in aika wa matarsa da 'ya'yansa labarin da ba haka yake ba, kuma da zuciya ɗaya zan aika, ina ganin na ji da kunnena. Kalmomin duk na san su ɗaya bayan ɗaya. Yadda suke canza ma'ana in sun haɗu ne ban sani ba, kuma ban san ban sani ba. Ban daina yi wa mutane tafinta ba, amma tun daga ranar, in magana ta shafi lafiyar wani, sai na sa mai faɗa ya sake faɗa ta wata hanya kafin in buɗe baki.

Yayana yanzu ya tsufa, yana Maraɗi cikin jikoki. Mutum ne mai surutu, in ya kama labari ba ya saki, har yara su gudu su bar shi. Ni kam in na je, zama nake in bar shi ya yi ta yi. Na taɓa ɗanɗana yadda shirunsa zai kasance, na rabin yini kawai, kuma ya ishe ni.